Jam'iyyar Conservative ta Birtaniya da abokan ƙawancenta: wa ya ci riba, wa ya tashi a tutar babu?

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi game da jam'iyyar nan ta masu ra'ayin mazan jiya a Birtaniya. Kusan duk wanda ya ƙulla ƙawance da ita, in ka waiwayo bayan wasu shekaru sai ka neme shi ka rasa, ko dai ta haɗiye shi gaba ɗaya ko kuma ta bar shi a wahale. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Wai tukuna me ya sa ake ce musu Tory, ba sunansu Conservative ba ne?

Duk nasu ne. Tory ɗin ma asalinsa zagi ne, kalma ce daga harshen mutanen Ailan mai nufin ɗan fashi ko ɗan ta'adda da ake nema ruwa a jallo, abokan hamayya suka liƙa musu ita wajen 1680 lokacin da ake rigima kan wanda zai gaji sarauta, su kuma suka ce sun ji sun karɓa. Jam'iyyar da muka sani yanzu ana danganta kafuwarta da Robert Peel a 1834. Abin dariyar shi ne shi ɗin dai ya fasa ta a 1846, da ya soke dokar da ta ɗora haraji kan hatsin da ake shigowa da shi daga waje, masu gonaki na cikin jam'iyyar suka ce ya ci amanarsu. Mutanensa suka fice, daga baya suka shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Liberal a 1859, har da William Gladstone. Sai 1874 Conservative ta sake samun rinjaye a majalisa. Shekara 28 kenan, kuma a ganina tun daga nan suka haddace darasin: gara gidan maƙwabci ya rabu ka kwashi rabi, da naka ya rabu.

Me ke sa jam'iyyun can ƙulla yarjejeniya tun kafin zaɓe?

Tsarin zaɓen ne. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke ko da ɗaya ya ɗara na biyu, babu zagaye na biyu babu komai. To in 'yan takara biyu masu ra'ayi kusan iri ɗaya suka tsaya, ɗaya ya samu 30 cikin ɗari ɗaya ya samu 30, sai na ukun da ba sa so ya wuce da 40. Shi ya sa ƙawancen da ya fi amfani a can shi ne na "ka janye min a nan in janye maka a can". Sai kuma na bayan zaɓe, in babu wanda ya kai kujeru 326 cikin 650 da majalisar wakilai ke da su yanzu.

Wanne ne ƙawancen farko da ya canza jam'iyyar?

Na 1886. Gladstone yana firaminista ya kawo ƙudirin bai wa Ailan majalisarta ta cikin gida, 'yan jam'iyyarsa 93 suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, ƙudirin ya faɗi. Waɗannan 'yan tawayen, ƙarƙashin Lord Hartington da Joseph Chamberlain, su suka zama Liberal Unionist, wato masu son ƙasar ta zauna a dunƙule. Conservative ba ta yi wata-wata ba ta ce ba za ta tsayar da kowa a mazaɓunsu ba, suka dawo majalisa da kujeru sama da 70.

Kalli yadda aka bi da su a hankali fa. Shekara tara suna mara wa Conservative baya amma suna cewa su fa har gobe 'yan Liberal ne. A 1895 suka shiga gwamnatin Conservative ta Lord Salisbury aka ba su muƙamai, Chamberlain ya karɓi ma'aikatar mulkin mallaka, kuma yana kan wannan kujerar ne sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ga wanda yake ganin labarin nan ya yi masa nisa. A 1912 aka yi maja, kuma har yau cikakken sunan jam'iyyar a takarda shi ne Conservative and Unionist Party. Sunan ne kawai ya rage na baƙin. Amma fa gaskiya ba a ce sun yi asara duka ba, 'ya'yan Chamberlain biyu, Austen da Neville, kowannensu sai da ya shugabanci jam'iyyar, Neville ma ya zama firaminista a 1937.

Na ji ana maganar wani zaɓe da aka raba wa 'yan takara wasiƙa, mene ne labarin?

Zaɓen Disamban 1918 kenan, ana gama yaƙin duniya na farko. Lokacin yaƙin an kafa gwamnatin haɗin gwiwa, a ƙarshen 1916 David Lloyd George, ɗan Liberal, ya ture ubangidansa Asquith daga kujerar firaminista da taimakon Conservative. Da zaɓe ya zo sai shi da shugaban Conservative Bonar Law suka sa hannu a wata 'yar wasiƙa, duk ɗan takarar da ya same ta to na gwamnati ne, abokan ƙawance ba za su tsaya masa a gaba ba. Wanda bai samu ba kuwa sai ta Allah. Asquith ya yi wa wasiƙar ba'a, ya kwatanta ta da takardar rabon abinci ta lokacin yaƙi, amma ba'ar ba ta hana shi rasa kujerarsa ba, ɓangarensa kuma bai kai kujeru 40 ba.

To sai aka wayi gari firaminista ɗan Liberal ne amma yawancin 'yan majalisar da ke riƙe da shi 'yan Conservative ne. Zaman doya da manja aka yi ta yi har ranar 19 ga Oktoban 1922. Austen Chamberlain, shugaban jam'iyyar a lokacin, yana son a sake shiga zaɓe tare da Lloyd George, shi da kansa ya kira taron 'yan majalisarsu a kulob ɗin Carlton da ke Landan yana ganin zai tsawatar kowa ya yi shiru. Sai wani minista da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, Stanley Baldwin, ya miƙe ya ce mutumin nan fa ya ragargaza jam'iyyarsa ta Liberal, in aka ci gaba da binsa tasu ma haka zai yi mata. Bonar Law da ya ajiye shugabanci saboda rashin lafiya shi ma ya zo ya goyi bayan a raba gari. Aka kaɗa ƙuri'a, wajen biyu bisa uku suka ce a fice. Kafin dare Lloyd George ya yi murabus, kuma bai sake riƙe wani muƙamin gwamnati ba har ya mutu. Ita kuwa Liberal tun daga lokacin ba ta sake samar da firaminista ba.

Har da 'yan Labour sun taɓa haɗa kai?

Da shugaban Labour ɗin ma. A 1931 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, gwamnatin Ramsay MacDonald ta rabu kan rage kuɗin da ake bai wa marasa aikin yi, shi kuma ya amince ya jagoranci gwamnatin haɗin kan ƙasa tare da Conservative da Liberal, jam'iyyarsa ta kore shi. A zaɓen Oktoban shekarar haɗakar ta lashe kujeru 554 cikin 615, amma 470 na Conservative ne, mutanen MacDonald 13 kacal. Firaminista ne a suna har 1935, wuƙa da nama na hannun Baldwin, shugaban Conservative a lokacin.

A nan ma wani ɓangaren Liberal ya sake ɓallewa ƙarƙashin John Simon, waɗanda daga baya ake kira National Liberal. Suma irin hanyar 'yan 1886 suka bi, a 1947 aka haɗe ofisoshinsu na mazaɓu da na Conservative, a 1968 aka rufe shagon gaba ɗaya.

Ina batun Sikotlan da Ailan ta Arewa?

A Sikotlan jam'iyya ce mai zaman kanta, Unionist, har 1965 da aka haɗe ta da ta Ingila. A zaɓen 1955 ita da ƙawayenta sun samu sama da rabin ƙuri'un Sikotlan, abin da yanzu ko a mafarki ba sa gani.

Ailan ta Arewa kuwa nan ne lissafin ya taɓa juya musu. Shekara da shekaru 'yan Ulster Unionist, jam'iyyar masu son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, suna zama tare da Conservative a majalisa kamar 'yan gida ɗaya, sai firaministan Conservative Edward Heath ya dakatar da majalisar yankin a 1972, ya kuma kawo tsarin raba iko da 'yan Katolika, mutanen suka yi fushi suka ja jikinsu. Zaɓen Fabrairun 1974 ya zo, Labour 301, Conservative 297, ga kuma 'yan Unionist 11 zaune a gefe suna kallo, waɗanda a da kai tsaye ake lissafa su cikin na Heath. Ya nemi shugaban Liberal Jeremy Thorpe, aka kwashe ƙarshen mako ana magana ba a daidaita ba, dole ya tattara ya bar wa shugaban Labour Harold Wilson gidan.

A 2017 kuma firaministar Conservative Theresa May ta kira zaɓen da babu wanda ya tilasta mata, ta rasa rinjayen da ta gada, ta tsaya a 317. Sai ta nufi jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa mai kujeru 10. Ba su karɓi ko minista ɗaya ba, yarjejeniyar ita ce za su mara mata baya a kasafin kuɗi da ƙuri'ar yanke ƙauna, ita kuma ta ƙara wa yankinsu fam biliyan 1. Sun karɓi kuɗin, kuma sau uku suna kaɗa ƙuri'ar ƙin yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai. Amma dariyar tasu ba ta daɗe ba, magajinta Boris Johnson na hawa ya amince da tsarin duba kaya tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya, ainihin abin da DUP ta rantse ba za ta yarda da shi ba, da ya samu rinjayensa a 2019 kuwa ko sallama bai ƙara buƙatar yi musu ba.

To haɗakar 2010 fa, wadda mu muka gani da idonmu?

Labour ta samu 258, Liberal Democrat 57, Conservative ta zo ta ɗaya amma saura mata kusan 20 ta kai 326. Kwana biyar ana ciniki, daga nan aka ga shugaban Conservative David Cameron da na Liberal Democrat Nick Clegg a lambun bayan fadar Downing Street, kowa da abin magana a gabansa, suna raha suna wasa da juna kamar angwaye. Clegg ya zama mataimakin firaminista.

Matsalar ita ce kafin zaɓe 'yan takarar Liberal Democrat sun sa hannu a takarda, har da ɗaukar hoto, cewa ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba, ɗalibai suka yi musu ruwan ƙuri'a. Shekara ba ta ƙare ba gwamnatin da suke ciki ta ninka kuɗin kusan sau uku zuwa fam 9,000. Babban abin da suka shiga dominsa kuma, wato canza tsarin zaɓe, aka kai shi ƙuri'ar raba gardama a Mayun 2011, Cameron da kansa ya fito yana kamfen a ƙi, kashi 68 cikin ɗari suka ƙi. A 2015 suka faɗo daga 57 zuwa 8, kuma yawancin kujerun da suka rasa a kudancin Ingila abokiyar zaman tasu ce ta kwashe, da su Cameron ya haɗa rinjayensa. Wanda ya hau motar kwaɗayi dai an san tashar da yake sauka.

Kenan mayaudara ne?

Ni ban ga haka ba gaskiya. Babu wanda aka ɗaure aka kai, kowa da abin da ya hango. Abin da ke faruwa shi ne in gwamnati ta yi abin kirki babbar jam'iyya ake yaba wa, in ta yi ɓarna magoya bayan ƙaramar ne ke jin an sayar da su, tunda su ba don wannan suka yi zaɓe ba. Sannan ita Conservative tana da haƙurin jira, shekara 26 ta jira 'yan 1886, shekara 37 ta jira mutanen Simon.

Me ya sa ba ta yi wa Nigel Farage irin haka ba?

Tambayar kenan. Akasarin waɗancan ko ɓallewa suka yi daga gidan abokan hamayya ko kuma jam'iyyun yanki ne da ba sa neman kujerunta, duk abin da suka kawo ƙari ne. Shi kuwa Farage, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar ficewa daga Tarayyar Turai, daga cikin rumbunta yake ɗiba. A 2019 ya janye 'yan takararsa na jam'iyyar Brexit daga mazaɓu 317 da Conservative ta ci a zaɓen baya, ba tare da an ba shi komai a rubuce ba, Johnson ya samu kujeru 365. A Yulin 2024 ya ƙi janyewa, jam'iyyarsa ta Reform ta samu kashi 14 cikin ɗari na ƙuri'u, kujeru 5 kacal ta ci amma ɓarnar da ta yi ba kaɗan ba ce, a mazaɓu da yawa in ka haɗa ƙuri'un Reform da na Conservative sun fi na wanda ya lashe kujerar. Conservative ta tashi da 121, mafi ƙaranci a tarihinta, Liberal Democrat ɗin da aka bari da 8 kuma ta dawo da 72, akasari daga mazaɓun da Cameron ya ƙwace mata da ma waɗanda ba ta taɓa ci ba. Kemi Badenoch da ta karɓi shugabancin Conservative a Nuwamban 2024 ta sha cewa babu maganar ƙawance da Reform, shi ma Farage cewa yake ba ƙawance ya zo nema ba, wurin zamansu yake so.