Tsohuwar kwalba: me ke sa ta yi kuɗi?

A Katsina kwalba ba ta mutuwa. Ta gama da lemo ta koma wurin mai gyaɗa, daga nan mai man shanu ta karɓa. Amma akwai masu tara tsofaffin kwalabe, galibi a Turai da Amurka, kuma suna biya.

Ta yaya zan gane ta tsufa da gaske?

Kifa ta ka duba gindinta. Idan ka ga wani tabo mai kaushi a tsakiya, wurin da mai hura gilashi ya ɓalle sandar da ya riƙe ta da ita bayan ya hura ta, to mai yiwuwa ta girmi shekarun 1860. Sai ka bi siririn layin da mazubin yin kwalbar ya bari a gefenta da farce. In ya ɓace a wuya, da hannu aka gama bakin. In ya zarce har leɓe, aikin inji ne, kuma injin yin kwalba na Michael Owens na Amurka bai fito ba sai 1903. Murfin ƙarfe mai haƙora irin na lemo a 1892 aka ƙirƙiro shi, don haka duk mai irin wannan baki ba ta kai can baya ba.

Tsufa kaɗai ya isa?

Ina! Nan mutanenmu ke shan mamaki. Abin da mai saye ke bi shi ne ƙarancinta, launinta da lafiyarta. Shuɗiya mai duhu ta fi fara ko koriya daraja. Wadda aka zubo da sunan kamfani da na gari a jikinta ta fi wadda ba rubutu. Tsaga ɗaya ko ɗan ɓantare a baki kan kayar da farashi warwas, ko da kuwa kwalbar ta haura shekara 100.

Dubi kwalbar Hiram Codd ta Ingila, ta 1872, mai ƙwallon gilashi a wuya maimakon murfi. Yara sun yi ta fasa su don cire ƙwallon, duk da haka an yi su da yawan da koriyar ba ta da wani kuɗi. Mai launi ce ake rububi.

Kwalbar Bintu Sudan da na gani a adakar kakata fa?

Turaren ya fito daga kamfanin W.J. Bush na Landan a 1920, kuma an ci gaba da yin sa har a Kano. Kwalaben sun yi yawa. Darajar tana ga tsohuwar takardar jikinta da murfinta na asali, kada ka ɓare.

In wanke ta kafin in nuna wa dillali?

Ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar, in babu takarda. Soson ƙarfe, toka da yashi suna karce gilashi. Kuma kada ka sallama wa ɗan gwangwan a taya na farko: ɗauki hoton gindi, baki da rubutun, ka kwatanta da farashin da aka sayar da irinta a gwanjon intanet, ba wanda mai ita ya yanka ba.