Yadda yaro ke samun gurbi a makarantar musamman a Ingila: fashin baƙin takardar EHCP

A Ingila, takardar likita da ke cewa yaro yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ko naƙasar koyo, ba ta isa ta buɗe masa ƙofar makarantar masu buƙata ta musamman ba. Mabuɗin shi ne takardar da ake kira EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa na yaro. Tushenta yana kashi na 3 na Dokar Yara da Iyalai ta 2014, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumbar shekarar, kuma ya shafi mutum tun daga haihuwa har shekara 25. Ingila kaɗai ake magana, domin Wales da Sikotilan kowacce da nata tsarin. Sashe na 34 ya ce yaron da ba shi da wannan takarda makarantar kowa da kowa zai shiga, in ban da wasu 'yan lokuta ƙalilan.

Ana farawa da wasiƙa zuwa ga ƙaramar hukumar da yaron ke zaune a cikinta, a nemi ta tantance buƙatunsa. Iyaye na iya rubutawa da kansu ba tare da izinin makaranta ba. Makaranta ma na iya nema, haka matashin da ya wuce shekarun karatun dole. Ma'aunin da sashe na 36(8) ya kafa ba mai tsauri ba ne: mai yiwuwa yaron yana da buƙatar ilimi ta musamman, kuma mai yiwuwa sai da wannan takarda za a iya biya masa ita. Kalmar “mai yiwuwa” ita ce jigon zancen. Ba a ce sai asibiti ya sa wa lalurar suna ba. Ba a ce sai makaranta ta nuna ta kashe fam 6,000 a kansa ba. Wannan adadi na tsarin rabon kuɗin makarantu ne, ba ya cikin ma'aunin doka. Wasu hukumomi kan rubuta irin waɗannan sharuɗɗa a ƙa'idojinsu na cikin gida, amma ƙa'idar ofis ba ta ture doka.

Daga ranar da wasiƙa ta isa, hukuma na da mako 6 ta ce za ta tantance ko a'a. In ta amince, dole ta nemi bayani daga iyaye, shugaban makaranta, likita, masanin halayyar koyon yara da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da duk wanda iyaye suka nema bisa dalili mai ma'ana, kamar mai gyaran magana. In ta tantance ta ga ba za ta ba da takarda ba, ta faɗa cikin mako 16. In za ta bayar, ta aiko da daftari, a ba iyaye aƙalla kwana 15 su duba, sannan a kammala komai cikin mako 20. Jinkiri ya zama ruwan dare, amma ƙarancin ma'aikata ba ya cikin uzurin da doka ta yarda da shi.

Kwana 15 ɗin nan su ne mafi muhimmanci, kuma a nan aka fi yin sake. Takardar tana da sassa daga A zuwa K. Hankalin iyaye yakan tafi kan sashen I, inda ake rubuta sunan makaranta. Amma a daftari dole a bar wannan sashe fanko, kuma abin da zai cike shi daga baya yana sashen B da sashen F. B shi ke lissafa buƙatun yaro, F kuma shi ke faɗin abin da za a yi wa kowace buƙata. In B bai ambaci cewa hayaniyar zauren cin abinci kan sa yaro ya toshe kunnuwa ya ruga waje ba, F ba zai tanadi wuri mai shiru da mai sa ido a kansa ba. In kuwa F bai tanada ba, hukuma za ta ce kowace makaranta za ta iya riƙe shi, kuma a kan takarda ta yi gaskiya.

A duba bambancin waɗannan jimloli biyu. Ta farko: “Yaron zai amfana da samun taimakon mai gyaran magana a kai a kai.” Ta biyu: “Ƙwararren mai gyaran magana zai zauna da yaron shi kaɗai na minti 30 sau ɗaya a mako a lokacin zangon karatu, kuma malamin da ya horar zai maimaita darasin na minti 10 kullum.” Ta farko ba ta ɗaure kowa ba, ko sau ɗaya aka zo a zango an cika ta. Ta biyu ana iya ƙirga ta, a ce an yi ko ba a yi ba. Sashe na 42 ya wajabta wa hukuma samar da duk abin da ke cikin F, rashin kuɗi ba hujja ba ne, amma abin da aka rubuta ƙarara shi ake iya tilasta mata. Don haka duk inda aka ga “zai samu dama”, “gwargwadon buƙata” ko “in ya kamata”, a nemi a sa wane ne zai yi, sau nawa, na tsawon wane lokaci, cikin yara nawa. A kuma lura kada a tura gyaran magana zuwa sashen G na lafiya. Sashe na 21(5) ya ce duk aikin lafiya da ke koyar da yaro ko horar da shi na ilimi ne, wurinsa F.

Iyaye na da haƙƙin zaɓar makarantar gwamnati, ta musamman ko ta kowa da kowa, da makarantar musamman mai zaman kanta da ke cikin jerin da aka amince da shi a ƙarƙashin sashe na 41. Dole hukuma ta rubuta sunan wadda suka zaɓa sai in ɗaya daga cikin dalilai uku na sashe na 39(4) ya tabbata: makarantar ba ta dace da shekarun yaron, iyawarsa ko buƙatunsa ba, zuwansa zai hana sauran yara samun ingantaccen karatu, ko zai zama ɓarnar dukiyar jama'a. “Makaranta ta cika” ba ya cikin ukun nan a karan kansa, sai an nuna yadda ƙarin yaro ɗaya zai cutar da karatun sauran. Dalili na uku shi aka fi kafa hujja da shi, inda hukuma za ta kawo makaranta mafi arha ta ce ita ma za ta iya. Amsar wannan tana cikin F: in ya ce aji mai ɗalibai kaɗan da malamai masu horo kan otizim, makarantar da ba ta da su ta fita daga lissafi. Da zarar an rubuta sunan ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu a sashen I, sashe na 43 ya tilasta wa makarantar ɗaukar yaron. Iyayen da suka fi son makarantar kowa da kowa su ma sashe na 33 ya kare su, ba a tura yaro ta musamman don kawai ya fi wa hukuma sauƙi.

In hukuma ta ƙi tantancewa, ta ƙi ba da takarda, ko ba a gamsu da B, F ko I ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta SEND, wadda ke sauraron ƙararraki kan buƙatun ilimi na musamman da naƙasa, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Wa'adin wata 2 ne daga ranar da ke kan wasiƙar hukuma, ko wata 1 daga ranar takardar shaidar sulhu, duk wanda ya fi nisa. Dole a tuntuɓi mai ba da shawara kan sulhu a karɓi wannan shaida, ko da ba za a zauna sulhun ba, sai in ƙarar kan sashen I kaɗai take. Shawararmu dai a haɗa B da F da I a ƙara guda, domin kotu da abin da ke cikin B da F take auna makaranta. In kuma takarda ta yi kyau amma ba a aiwatar da ita, wannan kotu ba ta da hurumi; sai ƙorafi ga hukumar, daga nan mai binciken ƙorafe-ƙorafen ƙananan hukumomi, ko babbar kotu in abin na gaggawa ne.

Ana sake duba takardar aƙalla sau ɗaya duk wata 12, kuma hukuma ta faɗi matsayarta cikin mako 4 bayan zaman. A shekarar da yaro zai sauya mataki, kamar daga firamare zuwa sakandare, dole a fitar da takardar da ke ɗauke da sunan sabuwar makaranta zuwa ranar 15 ga Fabrairu, ko 31 ga Maris ga mai shiga matakin karatu na bayan shekara 16. An sa waɗannan ranaku ne don a samu lokacin ɗaukaka ƙara kafin Satumba, lokacin da sabuwar shekarar karatu ke farawa, shi ya sa ya kamata a yi zaman dubawa tun a zangon farko na shekarar, iyaye su zo da sunan makarantar da suke so bayan sun je sun ga ajin da idonsu.