Waiwaye: Fijo ta Kakuri da jiragen saman da suka riƙa sauke ta a Kano

Tun da darajar naira ta sake zubewa a tsakiyar 2023, har dala ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya, maganar mota ta ƙi barin bakin mutane. Tsohuwar mota 'yar Kwatano da ƙaramin ma'aikaci kan yi adashi ya saya a da, yanzu ko babban ma'aikaci sai ya yi da gaske. A gidajen rediyo da rumfunan tasha ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa a rage kuɗin kwastan talaka ya samu abin hawa, wasu na cewa a toshe ƙofar gwanjo gaba ɗaya don masu haɗa mota a gida su numfasa. Ko ta ina aka faro zancen, a Kaduna ake saukewa. Sai ka ji wani dattijo ya ce, "Ai mu sabuwa dal muke saye, da ledarta a kujera, Fijo ta Kakuri, kawai sai aka wayi gari babu." Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabin ƙarshen ne nake da ja a kansa, domin ba wayar gari aka yi ba.

Tarihin Peugeot kansa, wato Fijo, sananne ne. Iyali ne a gabashin Faransa da suka mai da injin niƙansu maƙera a 1810, suka yi zarto da injin niƙa kofi da keke, kafin su taɓa mota a 1889. Zakin da ke goshin motar tun zamanin zarto yake, an yi masa rajista a 1858. Abin da ya shafe mu ya fara ne da 404 a 1960 da 504 a 1968. Ita 404 ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, ita kuwa 504 ta zama motar shekara a Turai a 1969. Amma a ƙasar Hausa ba kofin tsere ne ya sayar da su ba, hanya ce. Mota ce mai tsayin ƙafa, ga shokozoba mai haƙuri da gargada, ƙarfin injin yana zuwa ƙafafun baya, kuma sandar da ke kai shi tana cikin bututun ƙarfe, dutse bai taɓa ta. Injinta na kafireta ne, duk bakaniken da ya iya riƙe sifana zai buɗe shi a gindin bishiya ya mayar. A-kori-kura ta 404 ta yi dakon gyaɗa da auduga da 'yan kasuwar ƙauye, doguwar 504 kuma ta zama motar haya daga Kano zuwa Jos, daga Maraɗi zuwa Yamai, daga Garwa zuwa Marwa.

A ƙarshen 1972 aka kafa kamfanin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Najeriya da Peugeot, a Maris na 1975 kuma masana'antar Kakuri da ke Kaduna ta fara fitar da mota. Ba ita kaɗai ba ce. A shekarun nan aka tsara Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Manufar da aka rubuta ita ce a fara da haɗa sassan da aka kawo daga waje, sannan shekara bayan shekara a riƙa maye su da na gida, har a kai ga ƙera mota sukutum.

To, a nan ne wani abu ya faru wanda masu muhawarar yau ba su cika ambatawa ba.

Shekarar da Kakuri ta buɗe ita ce shekarar da tashar jiragen ruwa ta Legas ta shaƙe. Kuɗin man fetur sun shigo da yawa bayan tashin farashi na 1973, ƙasa ta shiga gine-gine, odar siminti ta ninka abin da tashar ke iya saukewa a shekara sau da yawa. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu na wata da watanni ba su sami gurbi ba, siminti na daskarewa a cikinsu. Sai 1977 aka buɗe tashar Tin Can don rage cunkoson. Ga kuma sabuwar masana'anta a Kaduna, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, wadda ba za ta yi aikin yini ɗaya ba sai akwatunan sassa sun iso. A daidai lokacin kuma ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa, kowa na neman mota, ana biya a shiga layi.

Mafitar da aka samu ita ce sama. Aka kafa jigila ta jiragen dakon kaya daga filin jirgin Lyon-Satolas, wanda shi ma a 1975 aka buɗe shi, kai tsaye zuwa Kano. Jiragen kamfanin UTA na Faransa ne, da farko ƙirar DC-8, daga baya har da Boeing 747. A loda inji da giya da ƙofofi da bangarorin bodi a Faransa, a sauke a Kano, manyan motoci su kwasa su bi hanyar Zariya zuwa Kakuri. An shafe shekaru ana haka. Ta fuskar dabara abin a yaba ne, masana'anta ba ta tsaya ba, mai saye ya sami motarsa.

Sai dai a tsaya a yi lissafi. Ƙarfe kaya ne mai nauyi da arha, shi ya sa duniya ke dakonsa ta ruwa. Wanda ya ɗora bodin mota a jirgin sama, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara da shi, ya biya mai da matuƙa, kuma motar ta fito a farashin da malamin makaranta ke iya biya da rancen mota, to akwai abin da ke ɗauke masa nauyi a ɓoye. Wannan abin shi ne ƙarfin naira. A 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu. Da irin wannan kuɗi, komai na waje arha ne, har da kuɗin jirgi. Duk ɗan kasuwar Kano ko Kaduna da ya yi tunanin kafa wurin zuba fistin ko buga ƙofar mota, sai ya tarar abin da zai yi gogayya da shi yana saukowa daga sama, ya fi nasa kyau, ya fi nasa sauƙi, kuma a kan kari. Wa zai zuba jarinsa a nan, alhali odar shinkafa da atamfa na kawo riba cikin wata uku?

A ganina cunkoson Legas dama ce ta zo a siffar masifa. Da a ce sassa sun yanke na wata shida, da dole ta sa an waiwayi maƙeran gida tun masana'antar tana jaririya, tun akwai kuɗin da za a koya musu aiki a sayo musu injuna. Jiragen sun cire wannan dolen. Shekarun da aljihu ke cike, waɗanda su ne kaɗai lokacin da za a iya jure asarar koyo, sun wuce ana ta murnar yawan motocin da ke fita daga ƙofar Kakuri, dubun-dubata a shekara. An sami na gida, ba a ce babu ba: taya, batir, gilashi, soson kujera, fenti. Amma inji da giya da faifan ƙarfen bodi, wato inda kuɗin mota yake, suna zuwa ne a akwati. Ƙarfen da aka sa rai daga Ajakuta bai zo ba. Masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodin gini suke yi, ba faifan da ake buga bodi da shi ba.

Akwai kuma abu na biyu da ya kwantar da hankali fiye da kima. Daga ƙarshen shekarun 1970, 504 ta zama motar hukuma. Ma'aikatu da jihohi da 'yan sanda da sojoji duk ita suke saye, daga baya 505 ta biyo. Mai sana'ar da ke da babban mai saye guda ɗaya wanda ba ya taya, ba ya koyon neman ciniki.

Da farashin mai ya fara sauka a farkon shekarun 1980, kuɗin waje suka yi ƙaranci, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu da lasisin shigo da kaya. Akwatuna suka ragu, aiki ya ragu, aka fara sallamar ma'aikata. A Satumba ta 1986 aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, cikin 'yan makonni dala ta koma wajen naira huɗu. Mutane da yawa daga nan suke fara ba da labarin, su ce nan aka kashe Fijo. Ni ina ganin 1986 ta kware zane ne kawai, abin da ke ƙasa tun 1975 yake. Motar da zuciyarta ke zuwa da kuɗin Faransa, duk abin da ya sami naira sai ya same ta. Kayan aro ba ya rufe katara. Albashi bai motsa ba, farashin mota ya yi ta ninkawa, har sabuwar 504 ta tashi daga abin da ma'aikaci ke saye ta koma abin da ofis kaɗai ke iya saye.

Masu motocin ba su zauna jira ba. Wanda ke da ita ya riƙe ta gam. A nan ne 504 ta nuna halinta na gaske, domin an yi mata abin da waɗanda suka zana ta ba su taɓa mafarki ba. A sauke inji a yi masa garambawul sau biyu sau uku, a ƙara wa doguwar kujera ta ɗauki mutum tara ban da na gaba, a ɗaure buhunan masara a but har gindinta ya kusa shafar kwalta. Aibinta sananne ne ga duk direba: ta yi zafi in lagireto ya toshe, tsatsa ta ci ƙasan ƙofa, ga shan mai in kafireta ta gaji. Amma in ta tsaya maka a Kwanar Ɗangora ko Birnin Ƙonni, ba za ka kwana ba. Bakanike zai leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne, kwantak ne," yaro ya ruga ya sayo. Kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano sun rayu a kan wannan, da kayan da aka ciro daga matattun motoci da waɗanda aka narka aka zuba a nan.

Wanda ba shi da ita kuma ya juya yamma. Tsofaffin motocin Turai suka fara kwarara daga tashar Antwerp ta Beljiyam zuwa Kwatano, a koro su ta Paraku da Gaya, a shigo ta Ƙonni ko ta Maraɗi zuwa Jibiya. Abin dariya shi ne da yawansu Fijo ne, waɗanda Bature ya gama hawa, suna kashe kasuwar 'yar'uwarsu ta Kakuri. Sannu a hankali Toyota da Honda suka karɓe gidaje, Golf da Sharon suka karɓe tasha. An daina yin 504 a Turai tun 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan haka. Ana faɗin wannan da alfahari, amma yana kuma nuna cewa babu kuɗin sauya layin aiki, kuma mai saye ya ga motoci masu na'urar sanyaya ɗaki da gilashin lantarki a rabin kuɗin. Da 406 ta zo, Arewa ta so ta ƙwarai, har gobe ana sonta. Sai dai ita da waɗanda suka biyo ta masu kwamfuta ne a ciki, bakaniken gindin bishiya ya fara lalube, mai mota ya fara jin tsoro.

Saura labarin gajere ne. A 2003 gwamnati ta koma biyan ma'aikata kuɗi a madadin saya musu motoci, babban mai sayen nan ya ja baya. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati, a 2012 bashin banki ya sa kamfanin ya koma hannun hukumar karɓar basussuka, a 2020 ya sami sabon mai shi. Masana'antun taya biyu na Fatakwal da Legas sun rufe a 2007 da 2008, wato ɗan abin da ake samu a gida ma ya ragu. Tsarin motoci na 2013 ya ɗaga haraji a kan shigo da mota zuwa kashi 70 cikin ɗari, a farkon 2017 aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa. Peugeot kanta ta narke cikin rukunin Stellantis a 2021, a 2022 kuma wata sabuwar masana'anta a hanyar Kaduna zuwa Abuja ta fara haɗa motocinta. Duk matakan nan a bakin ƙofa suke aiki, wa zai shiga, nawa zai biya. Abin da ke cikin akwatin bai sauya ba, kuma da kuɗin waje ake biyansa, shi ya sa faɗuwar 2023 ta doki sabuwa da 'yar gwanjo lokaci guda.

Inda aka ga ƙera sassan mota ya yi saiwa a ƙasar nan ba a gefen manyan masana'antun shida ba ne. A Nnewi ne, cikin jihar Anambara, garin 'yan kasuwar da suka saba odar kayan gyara daga Asiya. Da lasisi ya yi wuya, dala ta yi tsada a shekarun 1980, sai wasunsu suka sayo injuna daga Taiwan suka fara yin kayan da kansu: takalmin birki, igiyar kuloci, batir, kayan roba. A garin aka buɗe masana'antar motoci ta Innoson a 2010. Su sun fara ne a shekarun da babu, da kuɗin aljihunsu, kuma kasuwar da suka nufa ita ce ta masu gyaran tsofaffin motoci, irin Fijon da ke tsaye a gareji tana jiran takalmin birki.