Sarƙar taimin a tsohuwar mota: tambayoyin da ake yi wa fita (makanike)

Masu tsofaffin Marsandi da Fijo a Aboabo da Asawase sukan shiga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da ƙorafi guda: inji na kwaramniya da safe. Sau da yawa sarƙar taimin ce ta gaji ta miƙe.

Mene ne aikinta?

Ita ke haɗa karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf mai buɗe bawul. In karanshaf ya juya sau 2, kamshaf ya juya sau 1, don bawul ya rufe kafin fistin ya iso sama. A Marsandi W123 mai dizal, wadda ta fito a 1976, sarƙar nan ce kuma ke juya famfon dizal.

Ta yaya ƙarfe zai miƙe?

Ƙusoshin da ke tsakanin gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan, in aka haɗa sai tsawonta ya ƙaru. Baƙin mai da ya daɗe ba a juye ba, ga ƙurar hunturu, su ke hanzarta abin.

Yaya zan gane ta gaji?

Ƙarar kacau-kacau daga gaban inji a tashin farko, wadda kan lafa in mai ya hau. Mota ta rage ja, tashi ya yi wuya. Amma kunne kaɗai bai isa ba. A Marsandi, fitan kirki zai buɗe murfin bawul, ya juya inji da hannu har alamar kamshaf ta zauna daidai, sannan ya duba maki a fulin karanshaf ya ga da digiri nawa ya wuce sifili. Wanda ya ce a canza bai auna ba, a ja baya da shi.

Masta, ba zan iya lallaɓawa ba?

Alhaji, a injin dizal kada ka gwada. Sarƙa ta tsallake haƙori ko ta tsinke, fistin zai doki bawul, aikin yini guda ya koma sauke kan inji.

Sarƙar kaɗai zan saya?

Nan ne mutane ke cutar kansu. Tsohuwar sarƙa ta riga ta fiƙe haƙoran giyar da take hawa, sabuwa kuwa in ta hau su da wuri za ta lalace. Haka tenshina mai ɗaure ta, da takalman da take gogawa a kai. A injin Toyota 22R na tsohuwar Hilux, takalmin roba kan karye, sarƙa ta yi ta cin murfin gaba har ruwa ya gauraya da mai. Gutsattsarin robar kuma suna faɗawa kaskon mai, su toshe rariyar famfo, don haka a kwance kaskon a wanke. A ganina, tunda an buɗe wurin, a duba duka a canza duk wanda ya ci, har da gasket da sil na gaba. Kuɗin aiki sau ɗaya ya fi sau biyu sauƙi.

Sai an sauke inji?

Galibi a'a. A Fijo 504 mai fetur ana cire lagireto, fanka, fuli da murfin gaba. A Marsandi dizal ta sama ake yi: a yanke tsohuwar, a ɗaura sabuwar a bakinta, a juya inji a hankali ta inda yake juyawa kullum, ba baya ba, har sabuwar ta zagayo, sannan a matse gaɓar haɗi da abin matsa ta. Aikin mutum biyu ne, domin in ta kuɓuce ta faɗa ciki an shiga uku.

Ta hannu fa, daga Magazine ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra?

Murfi ko fuli na hannu ba laifi. Sarƙa da tenshina kam sababbi.

Bayan an ɗaura sai a tayar?

Tukuna. A juya karanshaf da hannu zagaye 2 cikakku, a tabbata bai cije ba kuma alamomi sun dawo mazauninsu. Mai fetur a sake saita wuta, mai dizal a duba taimin famfo, a zuba sabon mai da sabuwar filta.