Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ci-rani: ƙa'idojin aiki da tsarin shugabanci

Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ci-rani ƙungiya ce mai zaman kanta da ke tsaya wa mutanen da suka bar ƙasarsu ko garinsu don neman abinci ko gudun fitina. A Abuja irin waɗannan ƙungiyoyi na hulɗa da 'yan Nijar masu gadi da masu ga-ruwa, da mutanen Gwoza da rikicin Boko Haram ya kora zuwa sansanonin Durumi, Kuchingoro da Wassa, da matasan da aka kwaso daga Libiya. Akasarin mutanen nan ba su da bakin kai ƙara, shi ya sa yawancin ƙa'idojin ƙungiyar aka tsara su don kare baƙo daga masu taimakon nasa.

Tushe

Kula da baƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Fatoma kan sauki fatake, sarkin zango kuma ya shiga tsakanin baƙi da masu gari. Amma wannan tsari bai hana Gana korar baƙi ba a 1969 zamanin Busia, Hausawa na cikin waɗanda abin ya shafa, bai kuma hana gwamnatin Shagari korar fiye da mutum miliyan ɗaya ba a 1983. Ƙungiyoyin yau da rubutacciyar doka suke kafa hujja: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar zama kwana 90 ba biza, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan ma'aikata baƙi wadda Najeriya ta shiga a 2009, da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan masu gudun hijira a cikin ƙasarsu.

Ƙa'idojin ɗa'a

Babba a cikinsu ita ce riƙe sirri. Littafin da ke ɗauke da suna, lambar waya da masaukin wanda ba shi da takardu zai iya zama sanadin kama shi idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Don haka ƙungiya mai hankali ba ta rubuta abin da ba ta buƙata, ba ta kuma miƙa bayanin mutum ga kowa sai da yardarsa ko da umarnin kotu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta mayar da wannan wajibi. Hoto ma haka: ɗaukar bazawara tana karɓar buhun shinkafa a watsa a Facebook don jawo masu ba da tallafi cin fuska ne, ko da ta ce ta yarda, domin mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a.

Akwai haramcin neman lalata ko kuɗi a madadin taimako. An tsaurara shi bayan abin kunyar da aka bankaɗo a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo a 2002, kuma a 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'ida a kansa. Sai rashin nuna bambancin addini ko ƙabila, da nisantar masu safarar mutane. Idan aka ga alamar fataucin mutum, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, ake sanar wa.

Shugabanci

Ana yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da amintattu aƙalla biyu. Ana buga sunayensu a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sashe na 839 na dokar ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan aka samu almundahana, sashen da ƙungiyoyi da shugabannin addini suka yi ta suka. Akwai kuma rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, mai sa ido kan halatta kuɗin haram.

A cikin gida, babban taron mambobi ke zaɓen shugaba, sakatare da ma'aji na ƙayyadadden wa'adi. Ba a fitar da kuɗi da sa hannun mutum ɗaya, kuma mai bincike daga waje yake duba asusu duk shekara. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wakilci. Baƙon da takardunsa ba su cika ba, ba zai yarda sunansa ya fito a jarida ba, sai kujeru su koma hannun lauyoyi da 'yan boko na cikin gari, masu abin kuwa a tuna da su ranar rabon kaya kawai. Wasu ƙungiyoyin kan magance wannan da kwamitin baƙi mai ikon ƙin amincewa da shiri, da hanyar kai ƙorafi da ba ta bi ta ofishin shugaba.

Kuɗi ma na da nasa sharaɗin. Asusun da Tarayyar Turai ta kafa a taron Valletta, babban birnin ƙasar Malta, na 2015 ya tallafa wa ayyuka da dama a Afirka ta Yamma, alhali ɗaya daga manufofinsa rage kwararar mutane zuwa Turai ne. Ƙungiyar da ta dogara da mai bayarwa guda kan wayi gari aikinta ya koma wa'azin “ku zauna gida”. Saboda haka tsarin mulkin wasu ke ƙayyade kason da za a karɓa daga hannu ɗaya, ya kuma wajabta karanta wa mambobi sharuɗɗan kowane tallafi kafin a sa hannu.