Waiwaye: Daga Jami'a Zuwa NFL, Ina Masu Tsara Hari Suke Tuntuɓe?

A daren Litinin, 9 ga Satumba 2013, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Philadelphia Eagles ta je baƙunci Washington a wasanta na farko ƙarƙashin sabon koci, Chip Kelly, wanda aka ɗauko daga Jami'ar Oregon. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, Eagles sun kai farmaki sau 53, adadin da wasu ƙungiyoyin sai sun kusa gama wasa gaba ɗaya suke kaiwa. Da an kayar da mai ƙwallo, sai a ga sahu ya sake tsayawa nan take, ba tare da 'yan wasa sun haɗa kai sun yi shawara ba. Ƙartin masu tsaron Washington suka riƙe ƙugu suna haki. An tafi hutu 26 da 7, aka tashi 33 da 27. Washegari maganar da ake yi a Amurka ke nan, wai salon jami'a ya zo ya ƙwace wasan ƙwararru.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, kowace ƙungiya tana da runduna biyu, ta kai hari da ta tsaro, kuma kowace da kocinta a ƙarƙashin babban koci. Mai tsara hari shi ne ke zana dabarun, shi ne kuma yakan zaɓi wadda za a yi a kowane farmaki ya isar wa kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa. A jami'o'in Amurka wannan aiki ba ƙarami ba ne, don akwai filayen da ke ɗaukar mutum fiye da 100,000. Tambayar da ta daɗe tana yawo ita ce: wanda ya yi fice a can, zai iya maimaitawa a gasar NFL ta ƙwararru?

Tarihi bai ce a'a ba. Sid Gillman daga Jami'ar Cincinnati ya koma Los Angeles Rams a 1955, kuma shi ake ɗauka uban tsarin jifa na zamani. Don Coryell ya shafe shekara 12 a jami'ar San Diego State kafin ya shiga NFL a 1973, salon jifar da ya kafa a Chargers har yau ana cin moriyarsa. Amma daga baya sai aka yi ta ganin akasin haka. Mouse Davis ya kawo tsarinsa na masu karɓar jifa huɗu, wanda ya yi suna da shi a jami'ar Portland State, zuwa Detroit Lions a ƙarshen shekarun 1980. Houston Oilers ma suka rungumi tsarin, suna zuba maki kamar ruwan sama, har ranar da suka ba Buffalo tazarar 35 da 3 a Janairun 1993, aka farke, aka cinye su. Tsarin da bai san yadda ake cinye lokaci da gudu da ƙwallo ba, ba ya iya riƙe nasara. Sai kuma Steve Spurrier, wanda ya ci kofin ƙasa da Jami'ar Florida a 1996. Washington ta ba shi kwantiragin dala miliyan 25 a 2002. Bayan kaka biyu, nasara 12 da rashin nasara 20, ya ajiye aikin.

Dalilin farko yana kwance a kan filin kansa, kuma shi ne abin da ɗan kallo ba ya lura da shi. Akwai layuka biyu na gajerun zane da suka ratsa tsawon fili, a tsakaninsu ake ajiye ƙwallo kafin kowane farmaki. A jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da inci 6. Ma'ana, a jami'a sau da yawa ƙwallo tana zaune a gefe, sai a sami makeken fili a ɗaya ɓangaren. Mai dabara sai ya tura yaronsa mafi gudu can, ya bar shi da mai tsaro ɗaya. A NFL ƙwallo kusan kullum a tsakiya take, wannan sararin babu shi. Haka dokar masu tare gaba: a jami'a suna iya kutsawa yadi uku kafin a yi jifa, a NFL yadi ɗaya kacal. Dabarar nan da kwatabak ke duban mai tsaro guda ya yanke ko ya miƙa ko ya jefa, wannan yadi biyun da aka rage sun isa su ƙuntata ta.

Dalili na biyu ya fi nauyi. A babban rukunin jami'o'i akwai ƙungiyoyi sama da 130, kuma manyan makarantu su ke kwashe zaratan yara, don haka a yawancin makonni kocin Ohio State ko Georgia yana fita ne da 'yan wasan da suka fi na abokin karawa ƙarfi da gudu. A NFL ƙungiyoyi 32 ne, akwai iyakar albashi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa rauni ita ake ba zaɓin farko cikin matasa masu shigowa. Kowa gwani ne. Masu tsara tsaro kuma ba su da wani aiki daga Fabrairu zuwa Satumba sai zama gaban bidiyo suna warware abin da ka yi musu bara. Ramin da ka shiga ta cikinsa a kakar farko, a ta biyu za ka tarar an toshe.

Abin da ya sami Kelly ke nan. Ya taso ne a matsayin mai tsara hari a Jami'ar New Hampshire, ya koma Oregon a 2007, ya zama babban koci, ya ci wasa 46 ya faɗi 7. A Philadelphia kakarsa ta farko ta yi armashi: nasara 10, kwatabak Nick Foles ya yi jifa 27 da suka zama ci, biyu kawai aka tsinke masa, LeSean McCoy ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar. Sai abokan hamayya suka gane dabarun nasa ba su da yawa, saurin ne ke ɓoye ƙarancinsu. Saurin kuma yana gajiyar da masu tsaronsa, don da harin ya gaza cikin minti ɗaya sai a sake turo su. A ganina babban kuskurensa ba a allon zane yake ba. Ya ɗauka tsari ya fi mutum, ya sallami ɗan wasansa DeSean Jackson, ya ba da McCoy da Foles a musanya da wasu 'yan wasa, yana tafiyar da magidanta masu iyali kamar ɗaliban da suka zo neman gurbi. An kore shi a Disamban 2015. A San Francisco a 2016 wasa biyu ya ci cikin 16.

Duk da haka ƙungiyoyi ba su daina leƙa jami'a ba, kuma sakamakon ya rabu. Matt Canada ya riƙe harin Pittsburgh Steelers daga 2021, aka sallame shi a tsakiyar kakar 2023, a ƙungiyar da ba ta saba korar koci ana cikin kaka ba. Ryan Grubb, wanda harinsa ya kai Jami'ar Washington wasan ƙarshe na ƙasa, kaka ɗaya ya yi a Seattle a 2024. Kliff Kingsbury, da ya horar da Johnny Manziel da Patrick Mahomes a jami'a, ya bar Arizona da nasara 28, rashin nasara 37 da canjaras ɗaya. Amma da ya koma mai tsara hari zalla a Washington a 2024, tare da matashi Jayden Daniels, suka ci wasa 12 suka kai gab da wasan ƙarshe.

Labarin Joe Brady shi ne ya fi burge ni. Yana ɗan shekara 30 ya taimaka wa jami'ar LSU ta ci kofin 2019, kakar da Joe Burrow ya yi jifa 60 na ci. Carolina ta ɗauke shi da ɗoki, ba ta da kwatabak tsayayye, ta kore shi kafin ya cika kaka biyu. Bai yi girman kai ba. Ya karɓi ƙaramin muƙami a Buffalo, na horar da kwatabak, ya sake koyo, ya ƙara wa harinsa gudu da ƙwallo, kuma a hannunsa Josh Allen ya zama gwarzon kakar 2024. Todd Monken ma ya bar Georgia da kofi biyu ya je Baltimore a 2023, Lamar Jackson ya zama gwarzo a shekarar. Sai dai Monken ya riga ya yi wannan aiki a Tampa Bay da Cleveland, Brady kuma ya yi shekara biyu a New Orleans kafin LSU. Waɗanda suka tsira, in ka bi sawunsu, kusan duka sun taɓa shan ruwan NFL, kuma sun tarar da kwatabak na gaske.

Kelly ya sake gwadawa. Bayan ya tsara harin da Ohio State ta ci kofin ƙasa da shi a Janairun 2025, Las Vegas Raiders suka ɗauke shi. A Nuwamba, ranar da Cleveland ta kayar da kwatabak ɗinsu Geno Smith sau 10, aka sallame shi, ƙungiyar na da nasara biyu cikin wasa 11. Abin yana ba ni tausayi, domin dabarunsa sun shiga gasar sun zauna. A Fabrairun 2018 Eagles sun doke New England 41 da 33 suka ɗauki Super Bowl, wato babban kofin NFL, a karon farko. Koci Doug Pederson ya koma ya duba bidiyon 2013, ya zaƙulo dabarun miƙa-ko-jefa da Foles ya fi sabawa da su a zamanin Kelly, ya cusa su cikin tsarinsa. Foles ne gwarzon wasan. Kelly a lokacin yana Los Angeles, yana neman ɗaliban da za su buga wa jami'ar UCLA.