Yadda dutse ke rikiɗa ba tare da ya narke ba

Me ake nufi da rikiɗaɗɗen dutse?

Dutse ne da a da yake wani iri, sai zafi da matsi na ƙarƙashin ƙasa suka sauya masa kama. Sharaɗin shi ne bai narke ba. Da zarar ya narke ya sake daskarewa, to ya koma dangin duwatsun wuta. Dubi mai ginin tukwane: yumɓu take gasawa, ya fito tukunya mai amo idan an ƙwanƙwasa, alhali bai taɓa zama ruwa ba. Haka ƙasa ke gasa duwatsu, sai dai nata aikin na miliyoyin shekaru ne, zafin kuma daga kamar digiri 200 har ya haura 700.

Daga ina zafin da matsin ke zuwa?

Wani lokaci narkakken dutse ne ke kutsowa daga ƙasa, ya gasa duwatsun da ke maƙwabtaka da shi. Amma babban aikin yana faruwa ne idan manyan sassan ɓawon duniya suka yi karo, duwatsu su nutse kilomitoci masu yawa, a matse su, a lanƙwashe su. Irin wannan ya faru a yankinmu na Arewacin Najeriya kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce.

Iri nawa ne?

Kashi biyu. Akwai masu layi-layi, waɗanda matsi ya jera ƙwayoyinsu kamar shafukan littafi. Dutsen laka idan ya ɗan sha matsi sai ya zama sileti, mai tsagewa falle-falle, irin allon ’yan firamare na da. Zafi ya ƙaru, ya zama shist mai ƙyalƙyali. Ya ƙara, ya zama nais, mai ratsin fari da baƙi kamar saƙi. A dangin shist ne ake samun zinaren Birnin Gwari da Maru da Anka.

Sai marasa layi: dutsen farar ƙasa ya koma mabul, kamar na Jakura a jihar Kogi, dutsen yashi kuma ya koma kwazayit mai tsananin tauri.

To Dutsen Kufena na Zariya fa, rikiɗaɗɗe ne?

A’a, kuma nan ne ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Kufena giranit ne, narkakken dutse da ya huce a hankali can cikin ƙasa, daga baya zaizaya ta tone shi. Ɗora hannu a jikinsa, za ka ga ƙwayoyi a barbaje, babu jeri. Rikiɗaɗɗen yana ƙarƙashin ƙafarka, domin yawancin ƙasar Zariya a kan nais take zaune, jar ƙasa ce ta lulluɓe shi. Ni dai shawarata, ka bari sai rani, ruwa ya janye, ka bi gefen rafi inda falalen dutse ya fito fili. Zuba masa ɗan ruwa, ratsin nan zai fito sarai, a lanƙwashe kamar an murɗe tsumma.